Ba Zan Nemi Gafarar Zuwa Yantala Ba

Zuwa ga ɗiyata Hadiza,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta uwa da ɗiya, ina roƙon Allah wannan takarda ta same ki kin sauka Tawa lafiya, ba ciwon kai, ba ɓatan kaya. Allah ya tsare ki gaba da baya, ya haɗa ki da mutanen kirki a asibitin da aka tura ki. Na cusa takardar cikin zannuwanki ne don na san ba za ki gan ta ba sai kin kwance kaya. Da baki ya kamata in faɗa miki abin da ke cikinta, amma ni da ke mun daɗe ba ma iya doguwar magana.

Zan fara daga inda abin ya fara a gare ni. Shekarar korona ce, tsakiyar bazara, ana jiran watan azumi. Ina tsakar gida da hantsi ina gyaran zogale, sai waya ta yi ƙara. Haisa ce, maƙwabciyar yayarki a gidan hayarsu na unguwar Yantala. Kin san yadda muke da ita: ni Bagobira, ita Bazabarma, abokan wasa ne mu tun kakanni, ba ma gaisawa sai da tsiya. Na ɗauka na ce, "Baiwata, yau kuma me kika zo roƙo?" Ba ta rama ba. Tun da nake da Haisa ban taɓa jifanta da magana ta bar ta ta faɗi ƙasa ba sai ranar.

Na riga na san masu fararen kaya sun zo da ambilans jiya sun tafi da yayarki, sun fesa magani, sun ce gidan duka ba shiga ba fita. Ita da kanta ta kira ni daga cikin motar ta ce, "Ba komai Inna, awo ne kawai za a yi mini, yara suna hannun maƙwabta." Don haka na tambayi Haisa, "Yaran sun yi barci kuwa a ɗakinki? Abdu bai dame ki da kuka ba?"

Can ta ce, "Inna, ina aje musu abinci bakin ƙofa. Nana tana fitowa tana ɗauka."

Na ce, "Bakin wace ƙofa?"

Ta ce, "Ƙofar ɗakin uwarsu."

A nan na gane. Yarinya ƴar shekara huɗu da jariri mai shan nono sun kwana su kaɗai a ɗaki, cikin gidan da ke cike da manya. An ce wa mutanen gidan kada wanda ya taɓa su, mai yiwuwa suna ɗauke da ciwon. Haisa tana da tsohuwa mai tari a ɗaki, mijinta kuma ya rantse in ta shiga wurinsu kada ta dawo masa. Abin da ta iya shi ne ta shimfiɗa tabarma ƙarƙashin tagarsu tana yi musu magana. Ban taɓa ganin laifinta ba, ke ma kada ki gani. Ubansu Idi kuwa yana Lome, ya je saro kaya aka rufe iyaka da shi a can.

Sauran labarin kina nan aka yi shi. Amma ke daga inda kika tsaya kika gani, yau ki ji daga inda ni na tsaya. Na san abin da ke ranki, Hadiza. Kina ganin ni na ɗauko ciwon da ya tafi da babanku, na goyo shi a bayana tun daga Yantala har gidanmu na Kalley. Ba ki taɓa faɗa ba. Shekarun nan duka kina gaishe ni da safe, kina wanke mini kaya, kina auna mini jini, amma in na shigo ɗaki sai ki tuna kina da aiki a waje. Ladabi ne, amma mai sanyi, irin wanda ake yi wa baƙo. To ki ji da kyau: ba gafarar zuwa Yantala nake nema ba. Na yi kurakurai a kwanakin nan, zan faɗa miki su don kada ki taka inda na taka. Zuwan ba ya cikinsu.

Kuskurena na farko ya girmi korona nesa. Yayarki ƴar fari ce, ni kuwa na tashi a gidan da uwa ke kunyar ɗan fari. Ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane, ba a nuna an damu da shi. Kakarku ce ta raine ta har ta yi wayo. Da ta yi aure ma, sai in yi wata ban taka gidanta ba, alhali daga rumfata ta Babbar Kasuwa taksi guda ne. In ta zo, "ke" nake ce mata, ko "wannan". Da ta haihu na samu sauƙi, na koma cewa "maman Nana". Ana ta yabona, wai ni mace ce mai alkunya. Shi ya sa da ta kira ta ce ba komai, na ce, "To, Allah ya sawwaƙe," na kashe waya. Ina jin yadda numfashinta ke sarƙewa. Tambayoyi sun cika mini baki: wace maƙwabciya, wa zai shayar da Abdu? Kunya ta sa na haɗiye su. Da ke ce, auta, da na tsare ki da tambaya har ki gaji. Ita ma ta san ni, ta san ba a kawo mini kuka, shi ya sa ta ce ba komai.

Ki riƙe wannan. Ranar da Allah ya ba ki ɗan fari, ki kira sunansa har maƙwabta su gaji da ji. Duk tsohuwar da ta ce ba ki da kunya, ki ce uwarki ce ta sa ki. A wurin aikinki kuma, in mace ta ce miki "ba komai", kada ki juya ki tafi. Matanmu da "ba komai" a baki ake kai su kabari. Ki jawo kujera ki zauna ki sake tambaya.

Kada ki manta kuma, kafin wannan rana ba wanda ya fi ni bin doka a layinmu. Kika ce in rufe rumfa, na rufe, barkono da citta suka zauna a buhu. Kika ce a daina musabaha, na daina. Aka yi sunan jikar aminiyata ban je ba, har ta yi fushi. Ana kiran magariba na sa sakata, don an hana yawon dare. Ni ba mai neman rigima da hukuma ba ce, ban gaje ta ba.

Na ajiye faifan zogale na shiga na ɗauko hijabi. Babanku yana kan kujerarsa, rediyo a kunne, yadda ya koma tun da aka hana jam'i a masallaci. Ya ce, "Ina kuma za ki? An ce a zauna gida. Akwai lambar da suke faɗa a rediyo, a kira su mana." Ke kika kira. Lokacin kina shekarar farko a lakwal ɗin koyon jinya, kin fi mu sanin yadda ake magana da su, kika zuba musu Faransanci. Suka ce sun ji, za a turo wani. Na cire hijabi na zauna. Hantsi ya wuce, rana ta take, aka kira azahar. Kika sake kira, aka ce za a turo.

Zaman nan shi ne kuskurena na biyu. Ban ce mutanen sun yi ƙarya ba. Wataƙila gari duka ke kiransu, wataƙila wanda za a turo shi ma yana can yana fama da wani gidan. Amma "za a turo" ba ta ba jariri ruwa. Duk sanda na tuna ina zaune a inuwa ina jiran izini, Abdu yana can ƙarƙashin kwano cikin zafin bazara, sai in ji kunyar kaina, kuma wannan ce kunyar da ta kamace ni. In aiki ya sha kanki kika ga ba za ki iya zuwa ba, ki gaya wa mutum gaskiya, ki ce ba zan samu zuwa ba, nemi wata dabara. Kada ki zaunar da shi da alkawari.

Ina sallame azahar na sake ɗaukar hijabi, sai kika ware hannuwa kika tare ƙofa. Har yanzu ina ganinki a tsaye a wurin.

Kika ce, "Inna, Baba yana da suga, yana da hawan jini. In kika shiga gidan nan kika dawo, shi za ki kashe."

Na ce, "In ban shiga ba fa, wa zan kashe?"

Kika ce, "Doka ce, Inna. Ba don mugunta aka sa ta ba."

Na ce, "Wanda ya sa ta yana da jika kulle a ɗaki shi kaɗai? Ba ni hanya tun ban manta ni na haife ki ba."

Kika juya wajen babanku kina jiran ya tsawatar. Ya rage muryar rediyo, ya dube ni, ya dube ki, ya ce, "Hadiza, tun kafin a haife ki nake hana uwarki abu, ban taɓa cin nasara ba. Ba ta takunkumi mai kyau." Kika miƙo mini kina kuka. Na sani gaskiya kika faɗa a ƙofar nan. Ni ma gaskiya na faɗa. Ranar nan gaskiya biyu suka zo mana tare, ƙofar kuwa ba ta ɗaukar biyu.

A ƙofar gidan Yantala na tarar da ɗan sanda zaune kan benci ƙarƙashin bishiyar dogon yaro. Ya miƙe ya ce, "Hajiya, ba a shiga."

Na ce, "Ban je Makka ba tukuna, ɗana, amma nan kam zan shiga."

Ya ce, "Wa gare ki a ciki?"

"Jikokina."

"Ƴaƴan wa? Matar da aka ɗauka, me sunanta?"

Na ce, "Maman Nana."

Ya ce, "Inna, rabin matan unguwar nan maman Nana ne. Suna nake tambaya. In ke kika haife ta ai kin san sunanta."

Harshena ya yi nauyi kamar an ɗora masa dutsen niƙa. Tun ranar da liman ya raɗa mata sunan bai taɓa fita daga bakina ba. Sai na jiyo Abdu daga ciki. Ba kuka ba ne ma, muryar ta riga ta dushe, kamar ta ɗan akuyar da ya wuni a ɗaure. Na buɗe baki na ce, "Rabi'atu. Rabi'atu sunanta, ni na haife ta, ita ce ta fari." Da ƙarfi na faɗa, har mai shagon tsallaken titi ya leƙo. Ga shi yau ma na rubuta, hannuna bai karye ba. Abin da ke ci mini rai, ɗan sanda ya ji sunan daga bakina, mai sunan ba ta taɓa ji ba.

Ya ce, "In kika shiga ba fita." Na ce na ji. Na wuce.

Ɗakin yana warin ruwan zabel, maganin kashe ƙwayar cutar da aka fesa, da fitsari. An ɗauke kuran, ba wuta, fanka a tsaye. Nana tana zaune a ƙasa ta ɗora ƙanenta a cinya, ta rufe shi da ɗankwalin uwarta. Tana tauna burodi tana cusa masa a baki yadda ta ga ana yi, shi kuwa yana turowa. Da ta gan ni ba ta taso ba, ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, "Kaka, na ce ya yi shiru, ba ya jin magana." Sai da na karɓe shi, ta ga hannunta wayam, sannan ta fashe.

Maɗigarsa ta faɗa, leɓɓansa sun bushe. Na haɗa ruwan gishiri da sukari ina ɗiga masa da cokali. Na yi niyyar zama, Allah ne shaidata. Da na ce wa ɗan sanda na ji, da gaske nake. Amma na duba. Yaro ba ya karɓar komai sai ɗigo-ɗigo, yana bukatar wadda ta san aiki ta duba shi, ke kuwa kina Kalley. Ba wanda zan aika ya sayo madara, gidan duka a kulle. In na fito ɗibar ruwa a famfo sai mutanen gida su watse kamar kaji sun ga shirwa. Na ce in na zauna nan, yaron nan a hannuna zai cika ina bin doka. Da la'asar na goya shi, na saki hijabi a kansa, na kama hannun Nana.

Haisa tana tsaye daga nesa, ta rufe hanci da gefen zani. Ta ce, "Bagobira mai taurin kai, kama ki za su yi." Na ce, "In sun kama ni ki kwaɗa mini koptonku na zogale ki kai mini gidan kaso, baiwar banza." Ta yi dariya tana hawaye. Ta cillo mini takalmin Nana da ke ƙofarta.

Ban bi ta baya ba, ban haura katanga ba. Ta ƙofar da na shiga na fito. Ɗan sandan ya tare ni ya ce, "Inna, mun yi da ke ba fita." Na ɗaga hijabi na nuna masa fuskar Abdu. Na ce, "Ga shi. Ko ka karɓe shi ka shayar da shi, ko ka kai mu mu uku inda za ka kai mu, ko ka matsa." Ya daɗe yana kallon yaron. Sai ya ce ƙishi yake ji, zai je shago ya sayo ruwan sanyi. Ya tsallaka titi bai waiwayo ba. Har yau ina saka shi a addu'a, don ban san ko an hukunta shi saboda ni ba.

Yanzu ga kuskuren da ya fi nauyi, wanda gaskiyarsa taki ce gaba ɗaya. Da muka iso kin riga kin share ɗakin baya, kin ajiye bokiti da sabulu a ƙofa. Kika ce mu uku mu zauna can, kwanonmu daban, butarmu daban, Baba kada ya matso. Kika duba Abdu, kika haɗa masa madara, kika yi ta fama da shi har ya karɓa. Ni na ɗauko yaron nan, amma ke kika ceto shi, kada ki bari kowa ya gaya miki wani abu daban. Sai dai ni raina yana tafasa tun maganar ƙofa. Na ga kamar in na bi tsarinki na yarda kin fi ni gaskiya. Kwana biyu na yi a ɗakin baya na fito. Na ce ba za a killace ni a gidan mijina kamar mai ƙyanda ba. Na cire takunkumi na rataye a ƙusa, wai yana hana ni numfashi. Na koma dafa wa babanku abinci ina miƙa masa da hannuna.

Shi kuma kin san shi da jikoki. Nana ta leƙa ta ce, "Tsoho, ba ka zo gaishe da amaryarka ba." Ya ce, "Wace irin amarya ce ta tare ba gara, sai ƙaton ƙane mai kuka? Zo nan in ga ko kin rame." Kika daka tsawa daga madafa, amma ta riga ta haye cinyarsa. Da yamma na same shi da Abdu a ƙirji yana jijjiga shi. Na gani, na yi shiru, don daɗin da na ji ya rinjayi tsoron.

Wannan nawa ne, ba na ɗora wa kowa. Fita don ceton rai daban, taurin kan banza daban, ni kuwa na zuba su tukunya guda. In dole ta sa kika karya doka, ki karya gwargwadon dolen, sauran ki riƙe shi fiye da yadda kowa ke riƙewa. In kuma na ƙasa da ke ya fi ki sanin abu, kada fushi ya toshe miki kunne. Da na zauna a ɗakin baya, ba abin da zai ragu a jikina.

Yayarki ta rasu a farkon azumi. Ta waya aka gaya mana. Ba su ba mu ita ba. Ban wanke ta ba, ban sa mata likkafani ba, ban ga fuskarta ba. Maza ƴan kaɗan suka tsaya daga nesa aka yi mata salla, masu fararen kaya suka saka ta. Ba a yi zaman makoki ba, ta waya ake mana gaisuwa. Abu guda nake riƙe da shi. Kafin magana ta gagare ta, wata ma'aikaciya mai imani ta kara mata waya a kunne, na ce, "Yara suna wurina. Abdu ya karɓi madara, Nana tana nan tana tsokanar babanku." Ta ce, "Alhamdu lillahi, Inna. Yanzu zan iya barci." Ko a nan ban kira sunanta ba, kin ga irin ƙarfin sabo. Amma ki gaya mini, da na bi doka, me zan ce mata? In ce za a turo?

Babanku ya fara zazzaɓi bayan azumi ya raba. Ya ƙi asibiti, ya ce ya ga yadda aka yi da ɗiyarsa, shi a ɗakinsa zai jira Ubangijinsa. Kin yi roƙo, kin yi faɗa, bai motsa ba. Ba a auna shi ba, don haka har yau ba mai iya dafa Alƙur'ani ya ce ga abin da ya ɗauke shi. Ko daga yaran ne, ko daga hannuna, ko daga sahun sallar da yake sulalewa yana bi a ɓoye shi da tsofaffin layinmu, ko suga ne da azumin da ya ƙi ajiyewa, ko baƙin cikin ɗiyarsa. Ba ɓuya nake a bayan wannan ba. Na yarda mai yiwuwa ni ce. Da wannan tunani na shiga takaba, da shi na fita, da shi nake kwana.

Ga kuma abin da ba ki ji ba, don kin fita neman magani. Ranar da jikin ya tsananta na zauna gefensa na ce, "Malam, ko ni na jawo maka?" Ya buɗe ido ya ce, "Da kin bar su can, me za mu ce wa Allah? Ni tsoho ne, na ci rabona. Nuno mini yaron." Na ɗaga Abdu daga bakin ƙofa ya gan shi. Ya ce, "Ya yi kumatu." Ban gaya miki a lokacin ba, don na ga za ki ce ina wanke kaina da bakin mamaci. Yanzu ma in kin so ki ce haka. Ni dai da kunnena na ji.

Bayan an buɗe gari na koma rumfa, maganganu suka bi ni. Wata mai atamfa ta ce a gabana, wai wasu da ƙafarsu suke zuwa su sayo ajali su kai gida. Na ajiye mudu na ce, "Hajiya, kina da jikoki?" Ta ce Allah ya ba ta. Na ce, "Zaɓo biyu ƙanana mu kulle su a ɗaki yau, gobe ki zo ki koya mini bin doka." Wasu kuma suka so su mai da ni jaruma, masu cewa ciwon ƙarya ne, na Turawa ne. Su ma na kore su. Na ce ƙaryar nan ta ci mini ɗiya, ku tafi da yabonku. Ni ban taɓa cewa dokar banza ce ba. Waɗanda suka sa ta rai suke so su tsare, irin ran babanku. Abin da na faɗa, kuma zan faɗa gobe ko a gaban alƙali, shi ne sun tuna da masu ciwo sun manta masu ciwo suna da ƴaƴa. An kulle ƙofa ba a tambayi wa ke bayanta ba. Wanda ya je ya ɗauko abin da aka manta ba ɗan tawaye ba ne.

Yanzu ke ce za ki sa fararen kaya. Annoba ba ta ƙare a duniya ba. In ba wannan ba wata, ko sanƙarau, ko amai da gudawa. Wata rana ke za ki tsaya a ƙofar wani ki ce ba shiga ba fita, kuma ina so ki faɗa da ƙarfinki, don kin san dalili. Amma kafin a rufe motar ki tambayi matar: ƴaƴanki nawa, wa ke riƙe da su, me sunansa? Kada ki karɓi "maƙwabta". Maƙwabta ba suna ba ne. Ki je ki ga mutumin da idonki, ki ga yaron a hannunsa. In babu kowa, ki nemo kakarsu, ki sa mata takunkumi da safar hannu, ki shigar da ita da kanki, ki koya mata abin da za ta yi. In ta yi miki tsiwa irin tawa, ki yi haƙuri ki sake faɗa, tsoro ne ke sa mu tsiwa. In kuma wata tsohuwa ta ture ki ta wuce, kada ki sa ta cikin jahilai tukuna. Ki bi bayanta ki ga abin da ta gani.

Sauran kin san su. Ki riƙe salla. Ki ci abinci, kin cika zama da yunwa in aiki ya yi yawa, halin babanku ne kika kwaso. Ki nemi tsohuwa guda a unguwa ki mai da ita uwa, in ta yi miki faɗa ki ji. Kada ki duba aljihun mara lafiya kafin ki duba idonsa. Kuma kada ki yi irin abin da na yi da ke: na ga kin yi shiru, ni ma na ɗaure fuska, ina jiran ki fara, wai ni ce babba. Girma bai ƙara mini komai ba sai shekarun da muka zubar.

Abdu ya tambaye ni jiya ko Tanti Hadiza za ta dawo da salla. Nana ta fara iya tuƙa tuwo, da gudaji amma ana ci. Idi yana zuwa duba su, bai taɓa cewa zai ɗauke su ba. In na zauna ina kallonsu suna faɗa a kan ƙanzo, ba na iya cewa da na sani. Na gwada, bakina ya ƙi. Ina kewar babanku yadda kike kewarsa, wataƙila ma fiye, don ni na san shi tun gemunsa bai fito ba. Amma ko a gaban kabarinsa aka tsayar da ni aka ce in sake zaɓe, hijabina zan ɗauka in nufi Yantala. Sai dai in na dawo in zauna inda kika ce.

Allah ya jiƙan babanku da yayarki, ya haskaka makwancinsu. Allah ya tsare ki a inda idona ba ya kaiwa, ya kare ki daga ciwon da za ki yi jinya da bakin mutane, ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi ga bayinsa. Na yafe miki duniya da lahira, abin da na sani da wanda ban sani ba. Yara suna gaishe ki, mutanen layi suna yi miki fatan alheri.

Ni ce mahaifiyarki, Zainabu, daga Kalley. Ban ce sai kin ce na yi daidai ba. In har yanzu kina ganin ni ce, ki zo ki faɗa mini ido da ido, zan iya ɗauka. Shirun ne na gaji da ɗauka. Tun ranar da aka fita da babanku daga gidan nan, ni da ke ba mu zauna tabarma guda mun yi kukansa tare ba. Har yau ba mu yi ba.